Tumatirin da Ya Koma Shuɗi a Akwatin Malam Idi

Akwai wani matashi ana ce masa Sagir, yana aiki a wani kamfanin roba a Challawa, inda ake yin bokitai da butoci. Sagir ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Matsalarsa ɗaya ce, shi dai ya san komai. Ko zancen tuƙin jirgin sama ake yi, sai ya tsoma baki ya gyara maka.

A kamfanin nan akwai doka. Tun da inji ya cinye wa wani ma'aikaci yatsu biyu yana kallon waya, aka hana shiga ciki da waya. Da safe kowa zai kashe tasa ya miƙa wa maigadi a bakin get, a ba shi lamba. Ƙarfe huɗu idan an tashi, ka kawo lamba ka karɓi abarka.

Mai riƙe wayoyin shi ne Malam Idi, wani dattijo mutumin Magarya ta ƙasar Nijar. Akwatin katako ne da shi mai gida-gida, kowace waya da gidanta. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aikin, ko igiyar caja ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Da wannan aikin yake ciyar da iyalinsa a can gida. Kuma manaja ya gaya masa tun farko, duk ranar da aka same shi ya kunna wayar wani, ranar aikinsa ya ƙare.

To, shi Sagir akwai wani wasan noma da ya shiga ransa a waya. Ka shuka, ka yi ban-ruwa, ka girbe, ka sayar, a ba ka kuɗin wasa waɗanda ko ƙosai ba za su saya maka ba. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, amma a waya ya zama sarkin noma! A cikin A Daidaita Sahu yana noma, yana cin abinci yana noma. Kuma hannunsa ba ya haƙuri. Tumatir na nuna, kafin ka ce kwabo ya tsinke shi.

Gonar ba ta samun hutu sai awa taran da wayar take kwance a akwatin Malam Idi. Shuka tana ci gaba da girma ko wayar na kashe, wannan Sagir ya sani. Saboda haka yakan shuka da safe a kan layin miƙa waya, da yamma ya zo ya girbe.

Wata rana masu wasan suka sabunta shi, suka turo dogon bayani da Turanci. Sagir ya yi tsaki ya danna ya wuce.

"Me za su gaya min? Ni da na fi shekara ina wasan nan."

Ranar Litinin da yamma ya karɓi wayarsa ya kunna, sai ya tsaya cak. Tumatirinsa biyar sun koma shuɗaye, kamar an tsoma su a rini.

"Kai! Wa ya taɓa min gona?"

Ya ɗauka cuta ce, ya tumɓuke su ya zubar. Ranar Laraba abin ya sake faruwa. Ranar Alhamis ma haka. Amma Asabar da Lahadi, da wayar ta wuni a hannunsa, tumatir ja ne zur, ba abin da ya same shi.

Nan zargi ya shiga. Sagir ya zauna ya haɗa ɗaya da biyu. Abin nan ba ya faruwa sai wayar tana hannun mutum ɗaya. Kuma wanda ya iya shiga wasan, ai ya iya shiga ko'ina, har banki da hotunan matarsa.

Daga ranar, duk abin da Malam Idi ya yi ya zama shaida. Sagir ya karɓi waya ya ji ta da ɗumi, ya ce to ga shi, yanzu aka kashe ta. Jama'a, akwati ne a ɗakin kwano cikin zafin watan Maris, ko ƙanƙara ka saka ai sai ta tafasa! Ya kuma tuna kullum a gaban dattijon yake danna lambobin sirrinsa. Ya ce ashe yatsuna yake kallo.

Abin da ya ƙarasa shi, wata safiya Malam Idi ya tsokane shi yana karɓar wayar.

"Sagiru sarkin noma, yaya gona? Ka riƙa barin amfani ya ɗan jima a jikin uwarsa mana. Gaggawa ba ta noma."

Sagir ya tambayi kansa. Ya aka yi ya san ina saurin tsinka? Alhali duk wanda ya taɓa bin layi da Sagir ya san haka.

Da yamma ya sake tarar da tumatir shuɗi. A nan bakin get, a gaban ma'aikata sun fi sittin, ya ɗaga murya.

"Malam Idi, ku ji tsoron Allah! Me kuke nema a cikin wayata?"

Dattijon ya dube shi, bai gane ba.

"Wayarka kuma, ɗana?"

"Kar ku ce min ɗana! Mako uku ke nan ina lura da ku. Duk ranar da na ba ku ita sai an yi min ɓarna a ciki."

Malam Idi ya zaro tasa wayar daga aljihu, ƙarama mai tocila, an ɗaure ta da kyauro.

"Ga tawa nan. Ita ma sai an nemo min lamba nake kira. Wallahi irin taku ban san inda ake kunna ta ba."

"Wannan ta rufa ido ce," in ji Sagir.

Kun san halin mutane. Nan take kowa ya hau duba wayarsa. Wani ya ce shi ma kwanan nan datarsa tana saurin ƙarewa. Wata ta ce ita dama ta ga cajinta yana sauka. Mutanen da shekara da shekaru suke gaishe shi, cikin minti goma kowa ya samo abin faɗa.

Hayaniya ta fito da manaja. Ya saurari Sagir, ya kalli taron, ya ce, "Malam Idi, ku ba ni makullin akwatin. Ku je gida, za mu neme ku."

Duk mai aikin kamfani ya san ma'anar za mu neme ku. Dattijon ya miƙa makulli, ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa ya fita. Wallahi wannan wurin ya taɓa min zuciya.

Aka kawo sabon maigadi. Kwana huɗu da zuwansa, Sagir ya kunna waya, ga tumatir shuɗi har bakwai. Kuna tsammanin jikinsa ya yi sanyi? Ina! Cewa ya yi, "Ashe ƙungiya ce da su."

Akwai wani makaniken injinan kamfanin, Bitrus, mutumin Kafanchan, wanda ya shekara tara yana ajiye waya a wurin Malam Idi. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ja Sagir gefe.

"Sagir, idan inji ya lalace, ba na kama wanda yake tsaye kusa da shi. Zama nake yi in saurari injin. Ka taɓa ganin lokacin da tumatirin nan yake canza launi da idonka?"

"Yaya zan gani, wayar tana hannunsu?"

"To ran Lahadi idan na taso daga coci ka same ni a gida, a Panshekara. Za mu ajiye ta a kunne mu zuba mata ido. Sharaɗi ɗaya, ba mai taɓa ta. Ba ni ba, ba kai ba."

Sagir ya dube shi sama da ƙasa.

"Ko kai ma da kai a ciki?"

Bitrus ya yi dariya. "Shi ya sa na ce ka zo ka tsare ni."

Ranar Lahadi bayan azahar suka zauna a gindin dalbejiya a ƙofar gidan Bitrus. Sagir ya shuka tumatir, aka jona wayar da caji aka jingina ta a kan benci. Bayan kamar awa ɗaya tumatir ya nuna, ja zur. Hannun Sagir ya tafi da kansa. Bitrus ya buge shi.

"Ya nuna fa!"

"Na gani. A kamfani wa yake tsinke maka idan ya nuna? Bar shi."

Suka ci gaba da zama. Sagir sai mutsu-mutsu yake kamar mai jin fitsari. Da aka kira la'asar ma bai yarda ya yi nisa ba. Matar Bitrus ta kawo masa ruwa da tabarma, ya yi sallarsa nan kusa da benci, yana sallamewa ya leƙa wayar.

"Ka gani ko? Awa biyu ba abin da ya faru. Saboda ba ta hannunsu."

"Zauna," in ji Bitrus.

Can wajen biyar da rabi, sai hadari ya haɗu a cikin wasan. Ba yau Sagir ya fara ganin ruwa a gonar ba. Amma bai taɓa ganinsa da nunannen tumatir a tsaye ba, don shi ba ya bari. Ruwa ya sauko, aka yi walƙiya, aka yi tsawa. A kan idonsu, hannun kowa na kan cinyarsa, tumatir uku suka rikiɗe suka koma shuɗaye.

Sagir ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Sai a lokacin Bitrus ya ɗauki wayar, ya nemo dogon bayanin nan da Sagir ya tsallake, ya karanta masa a hankali. Duk amfanin da ya nuna aka bar shi bai girbu ba, idan ruwa mai tsawa ya same shi, yana iya rikiɗewa. Kuma ba cuta ba ce. Shuɗi ɗaya ya fi ja hamsin daraja a kasuwar wasan.

"Ka ga ba wanda ya shiga gonarka," in ji Bitrus. "Rashin hannunka ne ya kawo shi. Ran aiki wayar tana akwati, tumatir ya jira ruwa. Ran hutu tana hannunka, ka tsinke kafin ruwa ya zo."

Wani zai yi murnar gano sirrin wasa. Sagir kuwa gumi ne ya karyo masa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bitrus, me na yi wa bawan Allahn nan?"

Litinin da safe ya tafi ofishin manaja ya faɗi gaskiya. Manaja ya yi masa faɗa sosai, duk da shi ma da nasa laifin na yanke hukunci ba bincike. Ya ce, "A bakin get ka zarge shi, a bakin get za ka wanke shi."

Ƙarfe huɗu Sagir ya tsaya a gaban ma'aikata, ya ce ƙarya ya yi wa Malam Idi, jahilcinsa ne. Masu data da masu caji duk suka sunkuyar da kai. Manaja ya ce a je a gaya wa dattijon ya dawo bakin aikinsa gobe.

Sagir da Bitrus suka tafi ɗakin da Malam Idi yake haya a Zawaciki. Suka tarar da shi yana ɗaure buhu da igiya. Ɗakin wayam, har labule an cire.

Sagir ya durƙusa.

"Baba, ku yafe min don Allah. Na gano ba ku ba ne. Manaja ya ce ku dawo gobe."

Malam Idi ya kama hannunsa ya tashe shi.

"Tashi, ɗana. Na yafe maka tun ranar, kafin in kai titi. Amma aiki kam, a'a. Gida zan tafi."

"Baba, na faɗa a gaban kowa. Kowa ya ji."

"'Yan kamfani sun ji," in ji dattijon. "Ran Juma'a ina zaune a masallaci, mutumin da ke gefena ya ajiye wayarsa a kan darduma. Da ya waiwayo ya ga ni ne, sai ya ɗauke ta ya sa a aljihu. Shekara shida muna sahu ɗaya da shi. Ba ya aiki a kamfaninku, ban san wa ya kai masa labari ba. Za ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu?"

Hawaye suka zubo wa Sagir. Bitrus ya yi roƙon duniya, Malam Idi yana murmushi yana girgiza kai.

Washegari da safe Sagir bai je aiki ba. Shi ya ɗauki buhun dattijon a ka har tasha, ya tsaya har motar ta cika ta tashi. Malam Idi ya ɗago masa hannu ta taga, ya ce Allah ya yi masa albarka.

Darasi: Don abu biyu sun faru a lokaci ɗaya, ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Kafin ka ɗora wa mutum laifi, zauna ka bincika, ka tambayi wanda ya fi ka sani, ka karanta abin da kake ganin ka fi ƙarfin karantawa. Zargi minti ɗaya ake furta shi, amma yana zuwa inda ban-haƙurinka ba zai taɓa kaiwa ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila yanzu haka akwai wani bawan Allah da ake shirin ɓata wa suna a kan abin da bai ji ba bai gani ba.