Malmalar Mayamiko

Akwai wani saurayi mai suna Mayamiko a wani ƙauye kusa da Zomba. Da ya gama sakandare, jami'o'i biyu suka ba shi gurbin karanta fiziks, ɗaya a can arewa, ɗaya a cikin Zomba. Ya zaɓi ta kusa.

Yana da dalili. Mahaifinsa, Bambo Kachingwe, mutumin Kasungu ne, aure ya kawo shi ƙauyen matarsa kamar yadda maza ke yi a al'adar yankin. Ga shi matar ta rasu. Kowa ya san idan mace ta mutu, danginta kan sallami mijin ya koma garinsu, sai in ana ganin 'ya'ya a gindin murhunsa.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Mayamiko. "Duk Asabar ina nan. Ai ko tari ka yi zan jiyo."

Farkon zango ya cika alkawari. Daga baya ya sayi tabarau, alhali idonsa garau, maganarsa kuma ta koma ta hanci.

"Ka gane, Baba, muna da gwaji. Ka gane? Sati mai zuwa."

Duk Asabar tsohon yakan tuƙa tuwon masara da kansa, ya kwashe malmala biyu, ya soya ƙananan kifi. Sai ya ɗauko kujera ya zauna yana kallon titi. Motar haya ta tsaya, mata su sauko da kwandunansu, ta wuce. Ya ci tasa malmalar, ya rufe ɗayar. Washegari ya ci ta da sanyinta.

Ƙanwar Mayamiko da ke aikatau a Johannesburg ba ta fashin kiran waya ranar Lahadi. Shi na kusa, ko saƙo sai an ci sa'a. Me zai ce a waya? Ai gida na nan, ba gudu zai yi ba.

Rannan kawun Mayamiko, yayan marigayiya, ya zo ya tsuguna a ƙofa.

"Suruki, ba korarka muke ba. Amma 'yata za ta yi aure, mijinta na buƙatar gona. Da yaron na zuwa, wa zai buɗe baki? To, wa kake yi wa gadi?"

Tsohon ya kira ɗansa a waya. "Ka zo wannan Asabar, dangin uwarka za su zauna."

"Baba, ka gane, jarabawa ce a gabana. Su ɗaga mana."

Ba a ɗaga ba.

Da aka yi hutu Mayamiko ya sauko daga mota, da burodi a leda. Ya tafa hannu a ƙofa yana neman iso. Shiru. Ya leƙa: ba tabarma, ba kujera, sai ƙusar da ake rataye hula.

Nachisale maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta turo baki, ta toshe hanci.

"Ka gane? Ka gane? Farfesa ya iso. Ɗana, an ce kai ka san yadda wata ke jan ruwan teku daga sama. Ubanka na nan ƙarƙashin hancinka, ya kasa jawo ka."

"Mama, ina yake?"

"Kasungu. Har ranar tafiyarsa malmala biyu ya kwashe. Ni na ci taka."

Mayamiko ya zauna a dokin ƙofa, burodin a cinya, har inuwa ta juya.

Yanzu in zai ga mahaifinsa, sai ya wuni a bas. Yana zuwa kuwa, kuma ya daina cewa "ka gane". Tsohon bai taɓa yi masa gori ba. Yakan miƙo masa ruwan wanke hannu ne kawai, ya ce, "Ka sha hanya."

Darasi: Kusa ba ta kai mutum gida, ƙafa ce ke kai shi. Wanda kake cewa "ai yana nan" ba zai dawwama a nan ba. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke nan kusa amma ya kwana biyu bai leƙa su ba.