Tankin Rugar Maikuɗi da Ya Ƙi Sauka

Akwai wani matashi a garin Gaya mai suna Muhyiddeen, wanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta. Wannan kam ko wanda ba ya ƙaunarsa ya shaida. Matsalar guda ɗaya ce: shi ma ya san ya iya, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Wata ƙungiya ce ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola guda arba'in da biyu a ƙauyukan Gaya da Ajingi. A jikin kowane tanki an liƙa wata 'yar na'ura da ke aiko da labari ofis: yawan ruwan da ke ciki, da ko inji yana ja ko ya tsaya. Sai dai labarin lambobi ne zalla, tuli guda, babu mai iya karanta su.

Shi ya sa aka ɗauki Muhyiddeen ya gina manhajar da mutum zai yi wa tambaya ta ba shi amsa a fili. Ya zauna wata biyu a ofis, ƙarƙashin fanka, ya gina ta. Tambayoyi uku ya koya mata: ina tanki ya yi ƙasa, ina inji ya tsaya, ina na'ura ta daina aiko da labari. Duk inda aka sami ɗaya daga cikinsu, sunan wurin zai yi ja a allo. Inda tanki yake cike kuwa, kore shar.

A ofishin akwai wani dattijo mai gyaran famfo, Malam Kabo. Shekara ashirin da wani abu yana yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan nan, tun zamanin famfon tuƙa-tuƙa. Wata rana ya leƙo ɗakin Muhyiddeen ya ce, "Injiniya, ka hau bayana mana wata rana mu zaga, ka ga rijiyoyin nan da idonka."

Muhyiddeen bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Baba Kabo, ai don a daina zagayen nan aka kawo ni."

Kabo ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ya ja masa ƙofa.

Da manhaja ta fara aiki, shugabar ofishin, Hajiya Naja'atu, ta kafa doka. Motar gyara ɗaya ce, kuma a da duk wanda ya fi baki ko ya san wani shi ake fara kai wa. Don haka ta ce daga yanzu mota ba ta fita, kayan gyara ba sa barin sito, sai zuwa inda allo ya nuna ja. Doka ce mai kyau, ni ma da ina wurin zan goyi baya.

To, a can bayan Toranke akwai wani ɗan ƙauye, Rugar Maikuɗi, gida kamar talatin. Makullin famfonsu yana hannun wata dattijuwa, Inna Hajo. Da safe ta buɗe wa mata su ɗebi na girki da na sha, da la'asar ta buɗe wa dabbobi. Ita kanta tana da saniya ɗaya da ba ta daɗe da haihuwa ba, da nononta take rufa wa kanta asiri.

Ana tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaza sai ta buɗe baki, wata safiya Hajo ta murɗa famfo, ko ɗigo bai zo ba. Ta kira Kabo a waya.

Kabo ya shiga wurin Muhyiddeen ya ce, "Injiniya, Hajo ta kira daga Rugar Maikuɗi, ta ce babu ruwa."

Muhyiddeen ya danna kwamfuta, ya juyo masa da allon. "Duba nan, Baba. Kore ne. Tankinsu a cike yake taf. Mutanen ƙauye ne dai, da sun ga famfo ya yi tari sai su ɗaga hankalin kowa."

A satin nan allo ya tura Kabo ƙauyukan Balan da Gafasa, bai sami sukuni ba sai ranar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ya tarar ƙarfen da ake murɗawa a saki ruwa daga tanki ya karye ta ciki, kuma a rufe ya karye. Ruwa na sama, mutane na ƙasa, babu hanyar haɗuwa. Gyaran sai da sabon ƙarfe daga sito da injin walda da ke cikin mota.

Ranar Litinin ya sake komawa wurin Muhyiddeen. Ya same shi da abin sauraro a kunne, yana shirin taron da za a nuna wa masu unguwanni manhajar ranar Laraba.

"Injiniya, na je na gani. Gaskiya ne tankin a cike yake, amma..."

"To alhamdu lillahi, Baba, ka ga na'ura ba ta ƙarya."

"Tsaya ka ji ƙarshen maganar, ɗana."

"Baba, don Allah ina da aiki a gabana. In rigimar makulli suke yi da tsohuwar, wannan ba aikin kwamfuta ba ne. Bayan taro ma yi magana." Ya mayar da abin kunnensa.

Kabo ya je wurin mai sito, mai sito ya ce shi ba ya fitar da ko ƙusa sai ya ga ja. Hajiya kuma tana Kano, ya kira ta sau biyu bai same ta ba. Gaskiya abin ya yi wa dattijon ciwo. Amma bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Abin da ya iya shi ne ya ɗaura jarka biyu a bayan babur ya kai wa Hajo da yamma. Jarka biyu kuwa me za su yi wa gida talatin da dabbobinsu?

Duk kwanakin nan matan Rugar Maikuɗi suna tafiyar fiye da awa guda zuwa wata tsohuwar rijiya, su dawo da ruwa a ka. Dabbobi kuma sai an kora su can cikin rana. Saniyar Hajo ta fara ramewa, nono ya ja baya, ɗan maraƙin da bai yi ƙwari ba yana bin ta yana tangaɗi.

Ranar Laraba ɗakin taro ya cika. Hajiya Naja'atu ta dawo, masu unguwanni sun zauna a jere. Muhyiddeen ya sha shadda, ya haska manhajarsa a bango. Ya tambaye ta ina inji ya tsaya, ta ba da amsa nan take. Aka yi ta jinjina kai ana cewa ma sha Allah. Kansa ya ƙara kumbura.

Ya ce, "Duk mai tambaya ya yi, babu abin da ba ta sani ba game da rijiyoyin nan."

Daga can bayan ɗaki Kabo ya ɗaga hannu. Ya ce, "Injiniya, ina da 'yar tambaya. Tambaye ta, wane tanki ne ruwansa bai sauka ba ko sau ɗaya a cikin mako guda?"

Muhyiddeen ya yi 'yar dariya. "Baba, ai wannan ba matsala ba ce. Tanki a cike ake so."

"A cikin bazara?" in ji Kabo a hankali. "Tanki mai lafiya numfashi yake yi, ɗana. Da safe mata su ɗiba ya sauka, rana ta cika shi. Da la'asar dabbobi su sha ya sake sauka. In ka ga tanki ya kwana ya wuni a cike, to babu mai samun ruwansa."

Wani mai unguwa ya ce, "Wallahi haka ne." Sauran suka amsa.

Hajiya ta dubi Muhyiddeen ta ce, "Tambaye ta mana."

Manhajar ba ta san wannan tambayar ba, don ba a koya mata ba. Dole ya buɗe tulin lambobin nan ya rubuta tambayar da hannunsa, mutane na kallo. Tankuna arba'in da ɗaya suka fito, layin kowanne yana hawa yana sauka. Na arba'in da biyu layinsa a miƙe yake sambal, kwana tara. A ƙarƙashinsa an rubuta Rugar Maikuɗi.

Zufa ta karyo wa Muhyiddeen duk da fankar da ke kansa.

Hajiya ta ce, "Malam Kabo, ka san da wannan?"

Jama'a, a nan ne wani zai zazzage duk abin da ke cikinsa. Kabo kuwa cewa ya yi, "Ranki ya daɗe, a ba mu mota da ƙarfe tukuna, rana tana yi. Sauran magana ta jira." Sannan ya juya ya ce, "Injiniya, ko za ka raka ni?"

Wannan karon Muhyiddeen ya bi shi, da shaddarsa da komai.

Sun isa bayan azahar. Tankin yana can sama a kan ƙarafunansa, cike, har gefensa yana naso. A ƙasa kuwa bokitai da jarkoki ne a jere, an ɗora wa kowanne dutse don kada iska ta ɗauke, kwana tara suna jiran layi. Kwamin da dabbobi ke sha ya bushe har ya tsage.

Inna Hajo ta fito daga inuwar wata bishiya. Suka gaisa da Kabo. Ta dubi baƙon ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan nan. Kun sha rana." Ta shiga gida ta fito da kwanon sha, ruwa rabi a ciki, ta miƙa masa.

Muhyiddeen ya san daga inda ruwan nan ya fito, ya san a kan wa ya zo. Ya ce, "Inna, ki bar shi, na gode."

"Haba, baƙo ya zo cikin wannan rana ya ƙi ruwa? Sha mana."

Ya sha. Bai taɓa shan ruwan da ya yi masa wuyar haɗiya kamar wannan ba.

Kabo yana kwance kayan aiki ya ce, "Hajo, ya saniyar?"

"Tana nan da sauƙi. Maraƙin dai ya tafi shekaranjiya, a hanyar dawowa daga rijiya ya kwanta. Kwanansa ne ya ƙare."

Muhyiddeen ya durƙusa a gabanta, kwanon na hannunsa. Ya ce, "Inna, ni ne. Tun ranar farko aka gaya mini, na ƙi ji. Ki yafe mini."

Ta dube shi. Ta ce, "Kai ne mai na'urar? Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi, kada ka ɓata kayanka."

Shi ya riƙe wa Kabo tsani, shi ya miƙa masa sifana, har aka canza ƙarfen. Wajen la'asar Hajo ta murɗa famfo, ruwa ya ɓarke da ƙarfi. Kafin ka ce me, mata sun fito daga ko'ina, dabbobi na turereniya a bakin kwami.

Kafin su tafi Muhyiddeen ya ce, "Inna, da za ki iya yi wa na'urar nan tambaya, me za ki tambaye ta?"

Ta ce, "Ni? Ai ba sai na tambaye ta ko akwai ruwa ba, ina tsaye a gaban famfon. Abin da ya fi damuna a kwanakin nan tara, ban sani ba ko ku na ofis kun san halin da muke ciki. Da na san an sani, da na fi samun haƙuri."

Washegari Muhyiddeen ya hau bayan babur ɗin Kabo. Sati uku suna zagaye, rijiya bayan rijiya, yana zama da masu riƙe da makulli yana rubuta abin da suke son sani. Ya koma ya sake gina manhajar. Tankin da ya yi kwana ɗaya bai sauka ba yanzu ja yake yi. Ya kuma buɗe wata lamba da mai ƙaramar waya zai kira ya danna ɗaya, sunan ƙauyensa ya yi ja ko da na'ura ta ce lafiya lau, sannan murya ta ba shi amsa da Hausa.

Bayan wata biyu bututu ya fashe a Rugar Maikuɗi da sassafe. Hajo ta kira lambar, ta danna ɗaya, ta kara wayar a kunne. Muryar Muhyiddeen ce da kansa, wadda ya naɗa: "Inna ko Baba, mun ji. Mun san halin da kuke ciki. Mai gyara yana tafe yau."

Ta juya ga matan da ke tsaye da bokitansu ta ce, "Ku zauna a inuwa, kada kowa ta tafi rijiya. An sani."

Darasi: Iliminka ba zai amfani mutane ba sai ka sauke kai ka saurari waɗanda kake yi wa aikin. Na'ura tana amsa abin da aka koya mata ne kawai, wanda ya daɗe a bakin aiki shi ya san abin da ya kamata a tambaya. In babba ya ce ka tsaya ka ji ƙarshen magana, ka tsaya, domin girman kanka wani ne can zai ɗanɗana kuɗarsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman matasanmu masu ilimin zamani, ko Allah zai sa wani ya gyara.