Notin da Ba a Ɗaure Ba

Akwai wata mata da ta yi kwanaki abinci ba ya wuce mata wuya saboda autanta. Saurayin ba ɓarawo ba ne, ba ya shaye-shaye, hannunsa kuma yana da albarka wajen gyaran famfo da injin ban-ruwa. Cutarsa biyu ce, gaggawa da ƙin a ce bai sani ba. Duk aikin da aka kawo masa sai ya ce, "Yanzu-yanzu," har unguwa ta laƙaba masa sunan.

Tun yana goye ubansa ya rasu. Yayan uwar, wani tsohon kafinta, shi ya riƙe su, shi ya kai yaron koyon sana'a. Da Auta ya buɗe shagon kansa, Kawu ya haɗa masa teburin aiki da hannunsa, katako mai kaurin yatsu huɗu. Ya kuma kawo masa bayis, ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ake murɗawa ya ciji abu don a yanka ko a kwance. Mutum ba ya ɗaga shi sai da nishi.

A ranar, uwar tana shagon tana shara, don haka da kunnenta ta ji bayanin.

Kawu ya ce, "Ka ɗora shi a kusurwa, daidai kan ƙafar tebur, bakinsa ya ɗan leƙo waje. Ka huda katakon ya fasa har ƙasa. Ka zura dogayen ƙusoshin nan, ka tara guntun katako mai tauri ta ƙasa, ka sa washa, ɗan faifan ƙarfen nan mai huda, sannan ka ɗaure noti da sifana har hannunka ya gaji. In bakin injin hudarka gajere ne, ka zo ka karɓi nawa."

"Haba Kawu, ni da nake kwance inji, huda katako ne zai gagare ni?"

"Akuya ma ta iya kwancewa. Ɗauri ne ba ta iya ba."

Uwar ta yi dariya, Auta kuwa ya ɗaure fuska.

Da Kawu ya sake leƙowa, bayis yana zaune a kusurwa, kawunan ƙusoshi suna ƙyalli. Tsohon yana fama da ciwon baya, ba ya iya sunkuyawa ƙarƙashin tebur. Sai ya dafa ƙarfen ya tambaya, "Ka ɗaure notin ta ƙasa?"

"Na ɗaure, Kawu."

"Da washa?"

"Da washa."

Kawu ya sa masa albarka ya tafi.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi aka rugo aka kira uwar. Ashe Kawu ya biyo ta shagon ya tarar da Auta yana kokawa da wani bututu da tsatsa ta cinye masa gaɓa. Tsohon ya ce a matsa masa. Ya danne bututun a bayis, ya ƙara wa sifana tsawo da wani ƙarfe, ya saki nauyinsa duka a kai. Bayis ya tumɓuke daga teburin ya sauko masa a kan ƙafa. A asibiti aka ce ƙasusuwan bayan ƙafar sun farfashe. Zai taka, amma da sanda.

Uwar ta koma jinyar yayanta. Abin da ya fi karayar ci mata rai shi ne maganar da tsohon yake ta maimaitawa.

"Yaron ya ce katakon ne ya tsage. Ni na zaɓi katakon nan, ni na ƙwanƙwasa shi na saurara. Ashe da tsaga a cikinsa ban ji ba. Da shi ne a wurin fa? Da na nakasa miki ɗa da hannuna."

"Yaya, ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, amma kunnena ya mutu, idona ma ya bi shi. Kafintan da ba ya gane ruɓaɓɓen katako, gara ya zauna a gida kafin ya kashe wani."

Har da Auta ya zo gaisuwa, Kawu ya kama hannunsa ya roƙe shi ya yafe masa. Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu."

Ranar wanki asiri ya tonu. Uwar ta jawo wani wandon aiki da ya daɗe a rataye bayan ƙofa, ta ji aljihun da nauyi. Ta zazzage. Noti da washa suka zubo cikin baho, sababbi fil, sifana ba ta taɓa hawa kansu ba. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma a gidan kafinta ta tashi. Ta tsaya tana kallonsu.

Da Auta ya shigo cin abinci, ta ajiye su a gabansa maimakon kwano.

"Mene ne wannan?"

"Noti ne, Inna."

"Na ga noti ne, ba makauniya ba ce ni. Me suke yi a aljihunka, alhali ka ce suna ƙarƙashin tebur?"

Ya sosa ƙeya, sannan ya fara magana ƙasa-ƙasa. Bakin injinsa gajere ne, ya tsaya a rabin katakon. Ya ji nauyin komawa wurin Kawu bayan ya gama cika baki. Ga kuma mutane suna jiran aiki. Sai ya sa zarton ƙarfe ya rage wa ƙusoshin tsawo, ya shafa musu gam, ya buga su da guduma suka zauna. Daga sama ba mai ganewa. Ranar da abin ya faru, kafin jama'a su taru, ya tsince guntayen ya watsa a kwata.

"Na ce zan gyara in na samu sarari."

"Yaushe? Yanzu-yanzu?" Ta nuna shi da yatsa. "Mutumin nan yana kwance yana nishi, kai kana tsintar ƙusa. Ya riƙe hannunka ya roƙi gafara, ka buɗe baki ka ce ba komai. Kai ne ma mai yafewa. Wane irin ɗa na haifa?"

"Inna, in ya ji ba zai ƙara kallona ba."

"To shi fa? Ya daina yarda da idonsa. Ƙafa ka karya masa, sana'ar ma sai ka raba shi da ita? Tashi ka je ka faɗa masa da bakinka."

Ya je. Ita ma ta bi bayansa ta zauna a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gai da Kawu, ya tambayi jiki, ya yi zancen zafin rana, ya yi zancen tsadar bututu. Sannan ya miƙe ya ce yana da aiki. Ya wuce ta gefenta bai iya haɗa ido da ita ba.

Washegari aka yi sallama. Mai baro ne, ɗauke da akwatin kayan aikin Kawu: zartuna, kurfi, ma'auni, da dogon bakin huda a saman su. Saƙon da ya biyo shi gajere ne. Wai a ba Auta, shi ne mai sauran ido.

Auta ya miƙa hannu zai karɓa. Uwar ta tare ƙofa.

"Ka taɓa akwatin nan, ni da kai mun raba hanya. Malam, juya baronka, mayar masa. Ka ce ƙanwarsa ta ce kayan ba su tashi barin hannunsa ba."

Mai baro ya juya. Ta san kafin la'asar yayanta zai aiko yana tambayar dalili, ita kuwa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Jama'a, darasin a fili yake. Aikin da ido ba ya gani shi yake riƙe da wanda ido yake gani, kuma wanda ya ji kunyar cewa "ban iya ba, ara mini," wata rana zai ji kunyar da ta fi ta. Gaggawa ta karya ƙafa, amma ƙarya ce ta karya zuciyar tsoho. Ku gaya wa 'ya'yanku, in sun ɓata aiki su faɗa tun ana iya gyarawa. Ita dai baiwar Allah tana tsaka mai wuya. In ta faɗa, yayanta zai sake yarda da hannunsa, amma ya rasa ɗan da ya rena. In ta yi shiru, ta zama abokiyar ƙaryar. Ku da kuka haifa, ku gaya mata, wanne za ta ɗauka?