Haƙoran da Tanimu Bai Ƙirga Ba

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, bakanike ne, sunansa Tanimu. Ba shi da yawan magana, garejinsa ma inuwar dalbejiya ce.

Wani direba, Barau, yana da tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda yake tsallakar da mutanen ƙauye rafi da ita. Aksul ɗin baya ya lalace, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Barau ya sayo na hannu, Tanimu ya duba ya ga kamarsu ɗaya da tsohon, ya ɗaura. Mota ta tashi lafiya, ana ta yabonsa.

To, ku saurara. Bayan kwana uku yana shara, ya tsinci giyar cikin tsohon aksul ɗin, ya ƙirga haƙoranta: arba'in da ɗaya. Sai ya tuna: ta cikin wanda ya ɗaura, bai ƙirga nata ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Wa ya sani in ba shi ba? Da motar ta karye, tsufa za a ɗora wa laifi.

Tanimu ya hau keke sai tasha, ya tarar motar Barau ta cika da fasinja.

"Malam Barau, a sauke mutanen nan. Na yi kuskure."

"Haba Tanimu! Mota kamar amarya?"

"A kan kwalta ba. Amma in ka sa ƙafa huɗu a rafi, in haƙoran giyar ba ɗaya ba ne, tayar gaba da gudunta, ta baya da nata, wani abu zai karye da mutane a tsakiyar ruwa."

Aka ɗaga mota, Tanimu ya shafa alli a taya, ya juya yana ƙirgawa. Gaba daban, baya daban.

Wani ɗan kamasho ya ce, "Kai, ashe makaniken namu bai iya ƙirga ba!" Tasha ta ɗauki dariya. Tanimu ma ya yi murmushi ya ce, "Yau dai na koya." Ya kwana biyu yana sauya giyar. Wasu suka daina kawo masa aiki, bai damu ba. Barau kuwa bai ƙara kai motarsa wani gareji ba sai na Tanimu.

Jama'a, amana ta fi nauyi a aikin da ba mai gani sai kai da Allah. Kai tela, kai magini, ke mai tuwo, in kun tuna kuskurenku, ku je ku faɗa tun mutane ba su shiga ruwa ba.