Manomin da Ya Rufe Ratar Injinsa

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, gari ya waye da gumi. Iska ba ta motsi, hadari kuma ya tsaya can gabas, bai matso ba, bai watse ba. A safiyar nan ce wani manomi ya kai motarsa birni domin a sauya mata inji.

Shi wannan manomi mutum ne mai ƙwazo, amma ba ya iya zama wuri ɗaya. A tsaye yake shan kunu. In yana gona hankalinsa yana kasuwa, in ya isa kasuwa kuma yana tunanin gona. Ko a majami'a, bencin baya yake zama kusa da ƙofa, ƙafarsa tana kaɗawa, kafin a sa albarka ya fice.

Yana da wata a-kori-kura da yake kai amfanin gona kasuwa da ita. Injinta na zamani ne, ba ya ƙara, amma ƙarami ne. Mahaifiyarsa kuwa tana zaune a ƙauyensu na asali, a bisa dutse, hanyar kuma hawa ce mai tsawo. Duk lokacin da ya yi lodi zuwa can, sai motar ta yi ta nishi, har sai an sauke rabin kayan a gindin dutse. Ga shi ya yi wa tsohuwar alkawari zai rufa mata ɗaki da kwano kafin damina ta zauna. Da ya ji direbobi suna cewa tsohon inji irin na dā, mai sanduna a ciki, ya fi jan kaya a tudu, sai ya kasa barci har ya samo ɗaya daga wata tsohuwar mota da aka daina hawa.

Bakaniken da ya yi aikin dattijo ne, ba ya gaggawa. Kwanakin da aikin ya ɗauka, manomin ya yi su yana zagaya garejin, yana leƙe, yana tambaya ko an kusa. Ranar da aka gama, aka tayar da injin, ya ɗauka da babbar murya. Amma a ƙarƙashin muryar akwai wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ba ta tsayawa.

Bakanike ya ce, “Maigida, tsaya ka ji. Wannan ba irin wancan ba ne. Akwai sandunan ƙarfe a ciki, su ne ke tura bawul, wato ƙofofin da mai ke shiga hayaƙi ke fita. A kan kowane sanda na bar 'yar rata, ba ta fi kaurin reza ba. Ita ce kake ji. Da gangan na bar ta, kai ma ka bar ta.”

Manomi ya ce, “To, to, na ji. Zai hau dutse?”

“Zai hau da kai, da kayanka, da surukarka ma in ta yarda ta shiga. Amma batun ratar nan…”

Kafin ya ƙarasa, manomi ya riga ya sa giya.

Injin kuwa ya yi abin da aka faɗa. Ya gwada shi da buhunan masara cike da bayan mota, ya haye wani tudu da ke kusa da gida ba ko tari. Murna ta kama shi. Nan take ya aika wa ƙanensa a ƙauye ya ce, “Ku yaye ciyawar ɗakin Mama. Ranar Litinin da safe ina nan tafe da kwano.”

Sai dai ƙarar nan ta hana shi sakat. Yana tuƙi yana jin ta. Ya kashe mota ya shiga gida, yana jin ta a kunnensa. Ranar kasuwa kuma, da ya tsaya a tasha, abokansa suka kewaye motar.

Ɗaya ya ce, “Baban Afiniki, ashe ka koma tela ba mu sani ba? Wannan ai keken ɗinki ne!”

Wani ya kara kunne a jikin motar ya ce, “Ku yi shiru, wando yake ɗinkawa. In ya gama ka ce ya yi mini riga.”

Ya yi dariya tare da su, amma abin ya ci masa rai. Ya ce a ransa, “Abin da ke ƙara, sako-sako ne. Abin da yake sako-sako kuwa, aikin rago ne. Tsohon nan gajiya ya yi, ya kasa ɗaurewa, shi ne ya ce da gangan.”

Ran Lahadi da aka taso daga sujada, bai ko cire rigar majami'a ba, ya ɗauko sifana ya buɗe marfin injin. Matarsa ta fito za ta taron zumuntar mata, ta same shi a sunkuye.

Ta ce, “Baban Afiniki, yau ma? Ba kai ka ce mini mai gyaran ya ce a bar wurin nan ba?”

Ya ce, “Shi ya faɗa, amma ba shi ake yi wa dariya ba.”

“To dariya tana hana mota tafiya ne?”

“Ki tafi kada ki makara.”

Ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, har ba sauran rata ko ta gashin kai. Ya tayar da injin. Shiru, sai babbar muryar kaɗai. Ya tsaya yana saurare, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce, “Ga aiki.”

Kashegari ya loda kwano da katako da ƙusa, ya kama hanya. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba abin da ya faru. Amma ƙarfe in ya yi zafi yakan ƙara tsawo, ratar nan kuwa wurin da zai miƙe ne aka bar masa. Da motar ta shiga hawa, injin ya ɗau zafi, sandunan suka miƙe, ba su sami wuri ba, sai suka danne ƙofofin suka hana su rufuwa. Ƙarfi ya fara zurarewa. Motar ta yi tari. Manomi ya ɗaga kai ya ga hadarin da ya daɗe yana tsaye a gabas ya taso baƙi ƙirin. Maimakon ya tsaya injin ya huce, sai ya ƙara taka mai. Ta sake tari, ya ƙara takawa. A tsakiyar hawan ta yi wata ƙara kamar bindiga, ta mutu. Bawul sun ƙone.

Ya sa duwatsu a bayan tayoyi. Ya buɗe gaban motar ya rufe, ya sake buɗewa. Ya hau sama kaɗan ko zai ga mai taimako, ya dawo. Yana cikin wannan ruwa ya sauko, irin ruwan farko mai iska. Kwanon ɗakin mahaifiyarsa yana ta amo a bayan mota, ɗakin kuwa yana can bisa dutse a buɗe.

Da ruwan ya tsagaita ya haura da ƙafa. Ya tarar bangon ɗakin ya jiƙe, gefe ɗaya ya zube a kan gadonta da tukwanenta. Tsohuwar tana ɗakin maƙwabta, an lulluɓe ta da zanen aro. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fara ba ta labarin inji.

Ta ce, “Ni ban san inji ba, ɗana. Ciyawata dai tsohuwa ce, amma ba ta taɓa barina a waje ba. Ka ci abinci?”

Ya tashi ya koma ɗakin, ya fara tono tukwanenta daga cikin laka.

A kai aka kwashe kwanon zuwa ƙauye, motar kuwa ta zauna a gefen hanya. Manomi ya rubuta wa bakanike wasiƙa, amma kunya ta sa ya yi ta yawo da ita a aljihu har ta fara yagewa. Abin da ke ciki kaɗan ne: “Baba, na ɗaure abin da ka ce a bari. Ka zo da sababbin bawul.” Sai da mako ya zagayo ya sauka gari, ya jefa ta a akwatin gidan waya.

Ma'anar wannan misali ita ce, Allah da ya ba mu ƙarfi, shi ne kuma ya bar mana rata. Ya ba mu kwanakin aiki, ya keɓe rana ɗaya ta hutu. Bai yi haka don ya gaji ba, ko don ya manta ya cike wurin. Ya san abin da aka yi mu da shi, ya san in wahala ta taso muna bukatar wurin miƙewa. Ubangiji Yesu ma, a lokacin da taro ya fi matsa masa, ya janye manzanninsa zuwa wurin da ba kowa domin su huta.

Mu kuwa ratar nan tana damunmu. Ɗan lokacin addu'a da safe, muna ganin ya rage mana aiki. Zama a ci tuwo tare da iyali, muna ganin ɓata lokaci ne. Lahadi da yamma in ta zo ba komai a cikinta, sai mu nemo abin cusawa: wanki, ko shago, ko taron kwamiti na uku a rana ɗaya. Ma'aikatan ikkilisiya ba su tsira daga wannan ba, wataƙila ma sun fi kowa. Sau da yawa kuma ba bukata ce ke sa mu ba, tsoro ne kada a gan mu a zaune a ce mana ragwaye.

Gaskiya ne rata in ta yi yawa ita ma cuta ce, akwai kuma ranar da za mu yi magana a kan ragwanci. Amma ku lura da wannan. Ranar da manomin ya rufe ratar, ba abin da ya lalace, har ma ya ga kamar ya gyara. Haka yake da mu. Mutum zai yi watanni ba hutu ba addu'a, ya ce ai ga shi lafiya lau. Sai ranar hawa, ranar ciwo ko rashi ko jaraba, ya nemi haƙuri ya rasa, ya nemi bangaskiya ya tarar ta zurare. Ba shi kaɗai yake shan ruwan ba kuma. Akwai wanda ya yaye ɗakinsa saboda maganarmu, yana jiranmu.

Saboda haka, 'yan'uwa, yau in kun koma gida, kada ku ɗauki sifana. In maƙwabci ya leƙo ya same ku a zaune, ya ce, “Yau ba aiki?” ku ce masa, “Babu. Ubangiji ne ya ce in huta.” Sa'an nan ku jawo masa kujera.