Ranar da Macijiya Kasa Ta Ƙi Yin Saɓa

An yi wata macijiya Kasa a gindin wani dutse, mai zanen fata kamar tabarmar amarya. Kyau kam akwai shi, amma girman kai ya fi kyawun yawa. Maƙwabcinta Ƙadangare ne, mai surutu amma mai zuciya ɗaya.

Da damina ta kama, lokacin saɓa ya yi, wato lokacin da kowane mai jan ciki ke tuɓe tsohuwar fatarsa. Ƙadangare ya fito fata na ɓarewa a jikinsa kamar tsumma.

Kasa ta kwashe da dariya. "Kai ko kunya ba ka ji? Dubi jikinka!"

"Yaya Kasa, kwana uku ne kawai zai wuce," in ji Ƙadangare. "Ke ma idonki ya fara fari. Zo mu je ki goga hanci a dutse, fatar ta tsage ki huta."

"Ni? In goga fuskata a dutse 'yan tsaki na kallo? Allah ya kiyaye! Da zanena aka san ni."

"Wani zanen na ƙarƙashi, Yaya."

"Rufe min baki!"

Haka ta ƙi. Fatar ta bushe ta matse ta, yanar idonta ta yi kauri, har ta daina bambance rana da inuwa. Yunwa ta ci ta, ɓeraye na wasa a kan wutsiyarta. Duk dajin babu wanda ya leƙo ta, don babu wanda bakinta bai taɓa ba.

Sai Ƙadangare, wawan kirki. Ya samo dutse mai kaushi kusa da rafi, ya rugo a guje don ya ja ta zuwa can. Kasa ta ji motsi a ciyawa. Ba ta gani, ba ta kuma tambaya ba. Ta kai sara.

"Yaya... ni ne," in ji shi. Nan take rai ya yi halinsa.

Abin da ciwo, yara. Kasa ta yi ta kiran sunansa, tana lalube, tana roƙon a nuna mata dutsen. Wanda ya san wurin yana kwance a gabanta. A nan ta mutu, cikin fatar da ta ƙi rabuwa da ita.

Darasin wannan labari, yara, shi ne: abin da lokacinsa ya wuce a sake shi. Wanda ya ƙanƙame tsohon ado don gudun kunyar kwana uku, ƙarshensa makanta, kuma mai ƙaunarsa ne zai fara cutuwa.