Hajiya Bilqis da Maganin Warin Ƙwai

Akwai wata Hajiya Bilqis, mataimakiyar darakta a wata ma'aikata a Abuja. Irin matan nan ne masu magana ta hanci: "Kin san ko ni wace ce?" In ka gaishe ta, sai ta dubi takalminka kafin ta amsa.

An yi mata aiki a gwiwa, likita ya rubuta mata ƙwaya mai ƙarfi, wadda aka haɗa kodin da farasitamol a ciki. Ta kwana goma ce, Hajiya ta shanye a kwana huɗu. Ta gangara ɗakin shan magani na ma'aikatar, ta ce wa nas ɗin, Justina 'yar garin Orozo, ta ƙaro mata.

Justina ta ce da irin Hausarta, "Hajiya, sai likita ya gan ka tukuna. Wannan magani, in ya yi yawa, yana cin hanta."

"Ni za ki koya wa magani? Ke ɗin banza?"

Sati bai zagayo ba aka sallami Justina, wai ta yi wa babba rashin kunya. Ta kwashe kayanta a leda tana hawaye. Wata biyar ta yi a gida kafin ta samu aiki a wani asibitin kuɗi a hanyar Karshi. Hajiya kuwa ta samu mai kawo mata ƙwayarta ta bayan fage.

Wata Asabar ta tafi Karshi duba filinta, ga mura, ga gwiwa. Tun asuba take ninka ƙwayar. Ta ɗora farasitamol don ciwon kai, ta kora da maganin mura. Kwali uku, suna uku, amma kowanne da farasitamol a ciki. A mota ta langaɓe, numfashinta ya yi ƙasa, direba ya faɗa asibiti mafi kusa da ita.

Likita ya yi mata allurar da ke karya ƙarfin kodin, ta farka garau. Amma gwajin jini ya nuna farasitamol ya wuce kima. Likita ya yi bayani, Hajiya ta ɗaga masa hannu.

"Na warke. A kawo takarda in sa hannu in tafi. Litinin ina da taro."

Wa kuke zaton aka aika da takardar? Justina.

Ta tsaya a baranda tana kallon takardar. Ta san abin da zai biyo baya. Hajiya za ta yi kwana ɗaya ko biyu kamar lafiya lau, sannan ido ya yi rawaya, hanta ta mutu. Ba kuma wanda zai ce laifin Justina ne.

Sai ta tuna maganin da likita ya rubuta in mara lafiya ta yarda ta zauna. Na sha ne, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kofi goma sha takwas, duk bayan awa huɗu. Justina ta yi murmushi.

Ta shiga. Hajiya ta zaro ido: "Ke?"

"Ni ne, Hajiya. Ga takarda, ga biro. In ka tafi, Talata ko Laraba za a dawo da kai, lokacin maganin ya makara. Na taɓa wanke gawar wata da ta ce ta warke. Ni ba na roƙonka. Zaɓi."

Hajiya ta dubi biro, ta dubi fuskar da ba alamar wasa a cikinta. Ta ture takardar gefe.

"Sista... kawo maganin."

Kurɓa ɗaya Hajiya ta yi ta dawo da shi a kan leshinta.

"Ayya, sannu. Wanda aka amayar ba ya shiga lissafi. Bari in haɗo wani."

Kwana uku Justina ba ta yarda wata nas ta miƙa kofin ba in dai tana bakin aiki. Har hutun Lahadinta ta ba wata, ta fasa zuwa coci. Hajiya ta toshe hanci tana, "Sista, don Allah a rage," ita kuwa tana, "Shanye, Hajiya, har ɗigon ƙarshe."

Hanta ta tsira. Ranar sallama, likita ya haɗa Hajiya da masu taimakon barin ƙwaya. Ta riƙe hannun Justina ta ce za ta sa a mayar da ita ma'aikata.

Justina ta zare hannunta. "Bar shi, Hajiya. Na riga na rama."

Darasi: Kada ka raina mai gaya maka gaskiya don kana ganin ka fi shi. Ka karanta kwalin magani, kada ka tara masu farasitamol a lokaci guda. Wanda ya sha fiye da kima a kai shi asibiti nan take, ko da ya ce ya warke. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wannan gwaggon mai kyamis a jaka.